Intabiyun Python: Yadda Za Ka Shirya Tun Kafin a Kira Ka

Mafi yawan waɗanda na ga sun faɗi a intabiyun Python, ba rashin iya Python ne ya kayar da su ba. Akwai wanda ya gina shafin intanet cikakke da Django, tsarin gina shafuka na Python, jama'a na shiga suna amfani da shi, amma da aka ɗora masa layi huɗu a allo aka ce ya faɗi abin da za su fitar, sai bakinsa ya mutu. Dalilin a fili yake. A gaban kwamfutarsa ya saba ya rubuta, ya gwada, kuskure ya fito, ya gyara, ya sake gwadawa har abin ya zauna. A intabiyu an ɗauke masa wannan gatan. Ba abin da ya rage masa sai abin da ke cikin kansa da bakin da zai faɗe shi. Waɗannan biyun nake so ka shirya, kuma a ganina haddace jerin tambayoyi ɗari da amsoshinsu ba ya shirya ko ɗaya daga ciki. Na zauna a kujerar masu tambaya, kuma amsar hadda ba ta ɓuya: da an ɗan juya tambayar, sai mutum ya shiga kame-kame.

Fara da suna da abin da yake nunawa

In da abu ɗaya kawai za ka iya koya kafin ranar, to wannan ne. A Python, idan ka rubuta `a = [1, 2, 3]`, ba ka zuba lambobi cikin wani wuri mai suna `a` ba. An ƙirƙiri jeri a memori, sannan aka liƙa masa suna `a`. Suna daban, abu daban. Duba nan:

```python
a = [1, 2, 3]
b = a
b.append(4)
print(a)
```

Abin da zai fito shi ne `[1, 2, 3, 4]`. Layi na biyu bai kwafi komai ba, ƙarin suna kawai ya yi wa jerin nan guda. Mutum ɗaya ne ake kira da suna biyu: in ya yi aski, da kowane sunan ka kira shi da askakken kai zai waiwayo.

Na daɗe a kan wannan ne saboda rabin tambayoyin da ake ce wa tarko duk daga nan suka fito. Ga wadda ta fi kowace yawo:

```python
def kara(abu, jeri=[]):
    jeri.append(abu)
    return jeri

print(kara(1))
print(kara(2))
```

Wanda bai gane ba zai ce `[1]` sannan `[2]`. Gaskiyar ita ce `[1]` sannan `[1, 2]`. Wancan `[]` sau ɗaya aka ƙirƙire shi, lokacin da Python ya karanta layin `def`, ba duk lokacin da aka kira fankshin ɗin ba. Don haka duk kiran da bai zo da nasa jerin ba, tsohon nan zai tarar da abin da aka bari a ciki. Gyaran shi ne ka sa `jeri=None`, a ciki kuma ka ce `if jeri is None: jeri = []`. Mutane da yawa sun haddace gyaran. Kaɗan ne suke iya faɗin dalili, kuma dalilin ake saurara a ji.

Haka `allo = [[0] * 3] * 3`. Ka ɗauka layi uku ka yi, alhali layi ɗaya ne aka nuna sau uku. Ka rubuta `allo[0][0] = 1`, sai ka ga 1 ta bayyana a farkon kowane layi. Wanda zai ba ka layuka uku na gaskiya shi ne `[[0] * 3 for _ in range(3)]`, domin a kowane zagaye sabon jeri ake yi. Daga nan kai tsaye za a tambaye ka bambancin `copy.copy` da `copy.deepcopy`. Na farko jerin waje kawai yake sabuntawa, abubuwan ciki kuwa su ne dai na da. Na biyu yana bi har ƙasa ya kwafe komai. Yankan `a[:]` ma irin na farko ne.

Bambancin `==` da `is` shi ma a nan yake. `==` tambaya yake ko darajarsu ɗaya, `is` kuma ko abu ɗaya ne tak a memori. Za a iya nuna maka cewa lamba 100 da wata 100 suna ba da `True` da `is`, amma manyan lambobi wani lokaci ba sa bayarwa. CPython, wato tafintan Python da kusan kowa ke amfani da shi, yana ajiye ƙananan lambobi daga -5 zuwa 256 tun da wuri yana ta maimaita su. Wannan tsarin cikin gidan CPython ne, ba alkawarin harshen ba ne, saboda haka amsa mai kyau ita ce: na san dalilin, amma ba na dogara da shi, `is` ina ajiye shi ne don `None` da makamantansa. Tun daga Python 3.8 ma tafinta kan yi gargaɗi in ka haɗa `is` da lamba kai tsaye.

Sai `tuple`. Kowa zai ce maka ba ya canzawa. To a ba ka `t = (1, [2])`, a rubuta `t[1].append(3)`, me zai faru? Zai yi aiki lafiya lau. Abin da `tuple` ya hana shi ne a sauya abin da gurbinsa ke nunawa. Jerin da ke ciki kuwa yana nan da 'yancinsa. Kuma saboda wannan jerin, `hash(t)` zai jefa `TypeError`, ba za ka iya sa `t` ya zama mabuɗi a `dict` ba. In ka iya bayyana dalilin da ya sa mabuɗin `dict` dole ya zama abin da `hash` ɗinsa ba ya motsi, wato don da shi ake lissafa gurbin da za a ajiye shi a kuma nemo shi, ka wuce yawancin waɗanda suka zauna a kujerar kafin kai.

Ɗaya ta ƙarshe a wannan dangin: `[lambda: i for i in range(3)]`. Ka kira duka ukun, kowanne 2 zai ba ka, don suna `i` suka riƙe, ba darajar da yake da ita lokacin da aka yi su ba, kuma sanda ka kira su zagayen ya riga ya ƙare a 2.

Kada ka karanta waɗannan ka gyaɗa kai ka wuce. Buɗe tafinta, rubuta kowanne, amma kafin ka danna maɓalli ka faɗi da bakinka abin da kake zaton zai fito. Ka yi amfani da `id()` ka ga da idonka ko abu ɗaya ne ko biyu. Duk inda zatonka ya saɓa da abin da ya fito, nan ne karatunka na ranar.

San tsadar abin da kake rubutawa

Python yana sa abu mai nauyi ya yi kama da mai sauƙi. `x in jeri` kalma uku ne, amma bin jerin ake yi ɗaya bayan ɗaya, O(n) ke nan, wato lokacin yana ƙaruwa daidai da tsawon jerin. Ka sa shi cikin zagaye, ka koma O(n²) ba tare da ka ankara ba. `x in` a kan `set` ko `dict` kuwa a matsakaici O(1) ne, wato lokacin ba ya ƙaruwa da yawan abubuwan. Cire abu daga ƙarshen `list` ba ya cin komai, amma `pop(0)` sai an matsar da duk sauran gaba, shi ya sa in layin jira kake so, `collections.deque` da `popleft()` ne wurin zuwa. Haɗa dogon rubutu da `+=` cikin zagaye ka bar shi, tara guntayen ka haɗa da `"".join()`.

`sorted()` yana dawo da sabon jeri, `list.sort()` kuma a wurin yake gyarawa ya dawo da `None`; na sha ganin wanda ya rubuta `a = a.sort()` cikin ruɗewa ya rasa jerinsa gaba ɗaya. Dukansu O(n log n) ne, sun samo asali daga dabarar Timsort da Tim Peters ya rubuta a 2002, kuma ba sa hargitsa tsarin abubuwan da suka yi kunnen doki. Wannan siffa ta ƙarshe tana da amfani na gaske: za ka iya jera ma'aikata da suna, sannan ka sake jera su da sashe, sunayen su zauna a jere cikin kowane sashe.

Daga laburaren da Python ke zuwa da shi, ka saba da `Counter`, `defaultdict`, `deque`, `heapq` da `bisect` har hannunka ya riƙa rubuta su ba sai ka duba ba. `enumerate` da `zip` kam ba a maganarsu. In na ga mutum ya rubuta `for i in range(len(jeri))` don kawai ya ɗauko `jeri[i]`, nan take na san da wani harshen yake tunani.

Yadda ake warware tambaya a gaban mutum

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta daki-daki. Mai tambaya ya ce, "Ga rubutu. Rubuta fankshin da zai dawo da harafi na farko da bai maimaitu ba."

Kada hannunka ya taɓa madannai tukuna. Ka ce, "Kafin in fara, babban baƙi da ƙarami ɗaya za a ɗauke su, ko `A` daban `a` daban? In rubutun babu komai a ciki, ko kowane harafi ya maimaitu, `None` zan dawo da shi ko kuskure zan jefa?" Da gangan ake barin waɗannan a buɗe, don a ga ko kai mai tambaya ne ko mai zato. A wurin aiki mai zato shi ke kwashe mako yana gina abin da ba a ce ya gina ba.

Sannan ka faɗi hanya mafi sauƙi, ko da ka san ba ita ce mafi kyau ba:

```python
def na_farko(rubutu):
    for h in rubutu:
        if rubutu.count(h) == 1:
            return h
    return None
```

Ka soki abinka da kanka kafin a soke maka: "Wannan zai yi aiki, amma `count` yana bin rubutun duka saboda kowane harafi, O(n²) ke nan in abin ya yi muni. In na ƙirga sau ɗaya na ajiye, zan sauko O(n)."

```python
from collections import Counter

def na_farko(rubutu):
    kidaya = Counter(rubutu)
    for h in rubutu:
        if kidaya[h] == 1:
            return h
    return None
```

Kada ka ce ka gama. Gwada shi da baki: "In aka ba ni `tattara`, t uku, a uku, r ɗaya, zai dawo da `r`. In `babba` ne, b uku, a biyu, `None`. In babu komai, zagayen ba zai shiga ba, `None`." Minti ɗaya wannan zai ci maka, kuma a wurina ya fi saurin rubutu daraja nesa ba kusa ba.

Daga nan ne ainihin hirar ke farawa. Za a ce, "To in rubutun fayil ne mai gigabait 50, kwamfutar kuma gigabait 8 ne memorinta?" Yanzu `f.read()` ya fita daga lissafi. Sai ka buɗe fayil ɗin da `with open(...)`, ka bi shi layi-layi kana `kidaya.update(layi)`. Kuma ba sai ka sake bin fayil ɗin karo na biyu ba, domin tun daga Python 3.7 na 2018 harshen ya yi alkawarin cewa `dict` yana riƙe tsarin da aka shigar da mabuɗai, `Counter` kuwa ɗan `dict` ne. Ka bi `kidaya` ɗin kansa, na farkon da ƙirgensa ya zama ɗaya shi ne amsa. In ka ƙara da cewa fayil ɗin zai iya zama dogon layi ɗaya tal, don haka ya fi aminci a karanta shi gutsure-gutsure da `f.read(adadi)`, ka nuna ka taɓa aiki da bayanai na gaske.

Lura da cewa a duk wannan ba ka yi shiru ba. Shiru shi ne babban abin da ke cutar mutane. Mai tambaya ba ya ganin cikin kanka. In ka yi minti biyar kana kallon allo, bai san ko dab kake da amsa ko ka ɓace ba, kuma ba shi da ta inda zai taimake ka. In ya jefo maka ɗan haske, ka karɓa hannu biyu. Ba a rage wa mutum maki don ya karɓi shawara, amma ana lura da wanda aka nuna wa hanya ya ƙi bi.

Janareta, dekoreta da GIL

Waɗannan ukun da wuya a yi intabiyun Python na matsakaicin mataki ba a taɓo su ba.

Janareta fankshin ne mai `yield`: yana ba da abu ɗaya, ya tsaya a inda yake, sai an nemi na gaba ya ci gaba. Amfaninsa shi ne ba ya tara komai a memori. `sum(x * x for x in range(10**8))` zai yi aikinsa da ɗan wuri kaɗan, amma in ka sa baka mai kusurwa ya zama jeri, sai an gina lambobi miliyan 100 tukuna. Abin da ake mantawa shi ne janareta sau ɗaya ake shanye shi. Ka bi shi karo na biyu, ba kuskure ba komai, fanko kawai za ka samu. `range` kuma ba janareta ba ne, za ka iya bin sa sau nawa kake so, ka kuma tambayi tsawonsa da `len`.

Dekoreta fankshin ne da ke karɓar fankshin ya dawo da wani a madadinsa. Ka iya rubuta guda ɗaya da ka, ba dubawa:

```python
import functools, time

def auna(f):
    @functools.wraps(f)
    def ciki(*args, **kwargs):
        fari = time.perf_counter()
        try:
            return f(*args, **kwargs)
        finally:
            print(f.__name__, time.perf_counter() - fari)
    return ciki
```

Za a tambaye ka amfanin `functools.wraps`. In babu shi, fankshin ɗin da aka naɗe zai rasa sunansa da bayaninsa, duk wanda ya duba `__name__` sai ya ga `ciki`. Wannan ɗan misalin ya haɗa `*args`, `**kwargs`, `finally` da fankshin cikin fankshin, shi ya sa nake son a fara da shi.

GIL kuwa makulli ne a cikin CPython da ke sa zare ɗaya ne kawai ke gudanar da umarnin Python a lokaci guda cikin furosas ɗaya. Amsar da na fi yawan ji ita ce wai saboda haka `threading` ba shi da amfani, kuma ba haka ba ne. In aikin na jira ne, kamar ɗauko shafuka 200 daga intanet ko jiran rumbun bayanai, zaren da ke jira yana sakin makullin, sauran su ci gaba, kuma za ka ga sauri sosai. In aikin lissafi ne zalla, nan ne zaruruwa ba za su taimaka ba, sai `multiprocessing`, inda kowane furosas ke da nasa tafintan da nasa makullin, ko kuma NumPy da ke yin nauyin lissafinsa a harshen C. `asyncio` shi ma don aikin jira ne, amma a zare ɗaya, kuma `time.sleep()` guda a cikin `async def` ya isa ya tsayar da kowa. Ka kuma sani cewa Python 3.13 da ya fito a Oktoban 2024 ya zo da wani nau'i na gwaji da ake iya gudanarwa ba tare da GIL ba, sai dai ba shi ne wanda ake samu kai tsaye in an sauke Python ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa buƙatar dogon bayani, gwada su kawai a tafinta: `-7 // 2` yana ba da -4 don ƙasa yake gangarawa, `round(2.5)` yana ba da 2, `0.1 + 0.2 == 0.3` yana ba da `False`, shi ya sa lissafin kuɗi da `decimal` ake yin sa. Fankshin mai kiran kansa kuma yana cin karo da iyaka a wajen zurfi 1000 in ba a canza ta ba. A ɓangaren `class`, ka san bambancin `__str__` da `__repr__`, da na `@classmethod` da `@staticmethod`, da abin da ke faruwa in ka ajiye jeri a jikin `class` maimakon cikin `__init__`. Wannan na ƙarshe maganar suna da abu ce ta sake dawowa.

Tarihin harshen kada ya ci maka lokaci. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, Python 3 ya zo a 2008, an daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020. Ya isa. In ka ga littafin shiri yana rubuta `print` ba baka, ko yana cewa `7 / 2` zai ba da 3, tsoho ne, ajiye shi.

Karanta tallan aikin da kyau

Python ɗin mai gina shafuka daban yake da na mai nazarin bayanai, kuma tallan aikin ya riga ya gaya maka wanne za a tambaya. In Django aka ambata, ka shirya bayanin yadda zagaye ɗaya marar laifi a ido ke aika tambaya 101 zuwa rumbun bayanai a maimakon ɗaya ko biyu, da yadda `select_related` da `prefetch_related` ke magance hakan. In FastAPI ne, alamun nau'i da `async` za su fito. In pandas ne, za a so a ga ko kana bin layuka ɗaya-ɗaya da `iterrows` ko kana aiki da ginshiƙi gaba ɗaya, kuma `groupby` da `merge` su zauna maka daram. A kusan dukkansu SQL zai shigo, kuma na ga waɗanda suka yi kyau a Python suka zo suka tsaya cak a kan `JOIN`. Gwaji da pytest, keɓe muhallin aiki da `venv`, da Git, waɗannan ana ɗauka ka riga ka iya.

Takardar tarihin aikinka kuma alkawari ce. Duk abin da ka rubuta a ciki ka ba da izinin a tambaye ka shi. In sau ɗaya ka taɓa Celery ta hanyar bin bidiyo, cire shi. Zaɓi aiki ɗaya da ka yi da hannunka, ka san shi ciki da bai: me ya sa ka zaɓi wannan tsarin ba wancan ba, ina ya taɓa karyewa, yaya ka gano, me za ka canza in yau za ka sake. Mutum yakan fi sakin jiki a nan fiye da ko'ina, kuma a nan ake gane wanda ya yi aikin da wanda aka yi wa.

Atisaye

Yi shi yadda ranar za ta kasance. Kashe duk abin da ke ƙarasa maka rubutu a edita, rufe mataimakan ƙirƙirarriyar basira, buɗe fayil fari ko ka ɗauki takarda da biro. Sa agogo, minti 30 zuwa 45 ga tambaya ɗaya. Kuma ka yi magana da ƙarfi kai kaɗai a ɗaki, da harshen da za a yi intabiyun. In da Turanci za a yi, to da Turanci za ka yi ta bayanin, don fahimtar abu a zuci daban, fito da shi a jere a wani harshe daban. Ɗauki muryarka a waya ka saurara. Za ka ji inda kake inda-inda, kuma galibi nan ne inda fahimtar ba ta nuna ba.

LeetCode da HackerRank, shafukan atisayen tambayoyin kod, suna da amfani, amma ba na goyon bayan tseren yawa. Tambaya 40 da ka warware, ka bari mako ya wuce, ka sake warware su ba dubawa, sun fi 300 da ka leƙa amsarsu ka ce ka gane. Ka bi su dangi-dangi: na `dict` da `set`, na manuni biyu a kan jeri, na taga mai zamewa, na bincike ta rabawa biyu, na bishiya da zagayen BFS da DFS, wato bincike ta faɗi da ta zurfi. In tambaya ta gagare ka bayan rabin awa, duba amsar, rufe ta, rubuta da kanka, sannan ka sa ta cikin waɗanda za ka dawo musu. In da abokin da zai zauna ya yi maka tambayoyi yana katse ka, ya fi komai, ko da bai kai ka iya Python ba, "me ya sa?" kawai yake buƙatar ya iya faɗa.

In aikin gida aka ba ka, kada ka cika shi da ƙawa. Ya yi abin da aka ce, ya zo da 'yan gwaje-gwaje, da fayil ɗin README mai faɗin yadda za a tayar da shi da abin da ka bari da gangan. Ka bi PEP 8, jagorar salon rubutun Python, wajen sunaye da tsari. Kuma ka tabbata kowane layi za ka iya kare shi, don zama na gaba a kansa za a yi.

Za a yi maka tambayar da ba ka sani ba, wannan babu makawa. Wasu ma da niyya suke matsawa har sai sun kai iyakarka. Ka ce, "Ban taɓa amfani da `metaclass` ba, amma tunda `class` shi ma abu ne, ina zaton wannan shi ne abin da ke ƙera shi. In aiki ya kawo ni nan, daga takardun Python na hukuma zan fara." Wannan amsa ce da ake ba maki. Cika baki a kan abin da ba ka sani ba kuwa yana jawo shakka har a kan amsoshin da ka bayar daidai a baya.

In ta intanet za a yi, gwada makirufo da kyamara da shafin rubutun da suka aiko tun ana gobe, don wasu shafukan ba sa barin a gudanar da kod, wasu kuma tsohon Python ne a kansu. Da aka ce ko kana da tambaya, kada ka ce babu. Tambayi wane Python suke gudanarwa a aikinsu, wa ke duba kod kafin a haɗe shi, ko suna rubuta gwaji, da abin da ake sa ran sabon ma'aikaci ya kammala a wata ukun farko. Amsoshin za su nuna maka irin wurin da kake shirin shiga. Da an tashi kuma, tun kafin abin ya bi iska, zauna ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka, ka buɗe tafinta a ranar ka gwada waɗanda ka yi shakka a kansu, ka ƙara su cikin jerin da za ka maimaita kafin kira na gaba.